Goggona, Whoopi Goldberg da matan da muke yi wa dariya

A kowane dangi akwai mace guda da biki ba ya kankama sai ta iso. A namu dangin goggona ce, ƙanwar mahaifina, Allah Ya jiƙanta da rahama. Idan ana suna ko kamu, tun daga soro mata ke tambaya, “Goggo ta zo?” In aka ce ba ta zo ba, sai taron ya yi lami kamar miyar da aka manta da gishiri. In kuwa ta zo, to ranar sai an yi wa masu tuƙin tuwo faɗa, don ajiye muciya suke yi su taho kallo. Takan ɗaure ƙugu da gyale, ta fizge hular wani yaro ta kifa a ka, ta zama ango marowaci yana ƙirga ƙwayar daddawa. Kafin a gama share hawayen dariya ta rikiɗe ta koma dillaliya mai rantsuwa a kan tsohon zane, daga nan ta zama malamin asibiti yana daka wa marasa lafiya tsawa da wani Turanci da ita kanta ba ta san ma’anarsa ba. Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, amma har yau ban ga wanda ya fi ta iya ɗaukar tafiyar mutum da muryarsa ba.

Aurenta uku, haihuwarta huɗu, babu ɗan da ya kai yaye. Wabi take yi, in ji mutanen unguwa. Da aure na uku ya mutu ta dawo gidanmu, mahaifina ya ba ta ɗakin da ke kusa da madafa, a nan ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Ita da bakinta take mayar da zancen abin raha. Takan ce, “Ni maza uku na yaye, tunda Allah bai ba ni ’ya’yan yayewa ba.” Mu kuwa mu bushe da dariya, har da masu riƙe ciki.

Abin da ya sa na ɗauko labarinta a shafin da aka saba tattauna tsadar rayuwa da rigimar jam’iyyu shi ne wani kaset da na karɓo haya wata shekara, lokacin da yajin aiki ya koro mu gida daga jami’a. A wancan zamanin kusan duk gidan da ke da bidiyo ya san Whoopi Goldberg, saboda fim ɗin Sarafina! na shekarar 1992, wanda aka yi a kan boren ɗaliban Soweto a zamanin mulkin wariyar launin fata, inda ta fito a matsayin malamar makaranta. Mun kuma kalle ta a Sister Act, shi ma na 1992, tana mawaƙiyar da ta ga an yi kisa aka ɓoye ta a cikin mata masu hidimar coci, ta hana su sakat. Goggo ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta ɗauki matar nan ƙawa. “Ƙawata” take ce mata, kuma ta iya juya ido irin nata sak. Don haka da na ga sunanta a jikin kwalin wani fim mai suna The Color Purple, sai na biya na taho da shi ina murna, a zatona dariya na kawo wa gida.

Ashe ba ita na kawo ba. Fim ne na shekarar 1985 da Steven Spielberg ya ba da umarni, an ɗauko shi daga littafin Alice Walker, kuma shi ne babban fim na farko da Whoopi ta yi. Labarin Celie ne, wata Baƙar fata a ƙauyen jihar Jojiya ta Amurka a farkon ƙarni na 20. Tun tana yarinya mutumin da take kira uba ya lalata mata rayuwa, ta haifi ’ya’ya biyu aka ƙwace su daga hannunta, aka aurar da ita ga wani mugu da ya mayar da ita baiwa, aka raba ta da ƙanwarta Nettie, mutum ɗaya tilo da ke ƙaunarta a duniya. Shekara da shekaru ƙanwar tana aiko da wasiƙu daga Afirka, mijin yana ɓoyewa. Ba a yi rabin sa’a ba ƙannena suka zame ɗaya bayan ɗaya. Aka bar ni da Goggo, tana zaune a tabarma da faranti tana ɓarar gyaɗa, ni ina tafinta, ina kuma danna maɓalli in wuce wuraren da kunya ba za ta bar ni in kalla tare da ita ba.

Akwai wata ɗabi’a da Whoopi ta ba wa Celie: duk sanda murmushi ya kuɓuce mata sai ta kai hannu ta rufe baki, kamar wadda aka kama tana sata. An sha gaya mata cewa mummuna ce, har ta yarda haƙoranta ba abin nunawa ba ne. A wata fitowa mawaƙiyar nan Shug Avery ta tsayar da ita gaban madubi, ta riƙe mata hannuwa don kada ta rufe, sai dariya ta ƙwace mata, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba har ya manta yadda ake tsayar da ita. A nan Goggo ta ajiye faranti.

“Kai, tsaya. Mayar mini da wurin nan.”

Na mayar. Ta ƙura wa talabijin ido, sannan ta ce, “Wannan ba koya mata aka yi ba. Ta san wata mai yin haka.”

A ƙarshen fim ɗin ƙanwar ta dawo daga Afirka tare da ’ya’yan nan biyu, sun zama manya, Celie ta tsaya a gona tana duban ɗanta da ’yarta da ba ta taɓa raino ba, hannunta yana rawa ta rasa ta inda za ta fara taɓa su. Na juyo zan fassara, sai na ga ba a buƙata. Goggo ta ce, a hankali, ba da ni take ba, “Ita nata sun dawo.” Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai ta karkaɗe zane ta miƙe, ta ce, “Tashi ka kashe, kada ƙawata ta jawo mana zaman makoki a gidan mutane. Ni ko albasa ba na yi wa kuka kyauta.” Na yi dariya. Na kai kaset washegari, na kuma yi shekaru ina ba da labarin maganar albasar a matsayin ɗaya daga cikin barkwancin Goggo. Maganar da ta gabace ta kuwa ban taɓa maimaita wa kowa ba, don ban ɗauke ta magana ba.

Tun daga lokacin na zama mai bibiyar irin waɗannan ’yan wasa, matan da duniya ta sani da ba da dariya, rana ɗaya a ba su labarin baƙin ciki su girgiza mutane. Masu sharhi kan yi mamaki duk sanda haka ta faru, kamar an ga akuya ta yi ƙwai. Ni na daina mamaki, don na lura mai ba da dariya tana zuwa da wasu kayan aiki da sauran ba su da su.

Kafin Spielberg ya ɗauke ta, Whoopi ita kaɗai take tsayawa a dandamali, ba abokin wasa, ba kayan ado, tana rikiɗa daga wannan mutum zuwa wancan. Wasan nata ya kai dandalin Broadway na birnin New York a shekarar 1984. Wanda ya yi irin wannan aiki yana da alƙali mai yanke hukunci nan take. Idan kana wasan tausayi jama’a suka yi shiru, ba ka sani ba ko zuciyarsu ka taɓa ko gyangyaɗi suke yi. Dariya kuwa ba a aronta, ba a kuma yin ta don kara na tsawon sa’a guda. Ko ta zo ko ba ta zo ba. Saboda haka mai barkwanci yakan koyi lissafin da ba a koyarwa a makaranta: yaushe zai saki magana, yaushe zai riƙe ta rabin daƙiƙa, yaushe ido zai yi aikin da baki zai ɓata. Duk wanda ya kalli marigayi Rabilu Musa Ibro ya san sau da yawa ba maganarsa ce ke kayar da mutane ba, ɗan shirun nan ne da yake yi kafin ta fito, yana duban abokin magana kamar bai gane ba. To wannan lissafin shi ne dai na hawaye. Akwai inda Celie, bayan ta gano wasiƙun da aka ɓoye mata, take wasa aska za ta yi wa mijin gyaran fuska a bakin ƙofa. Ba ta zare ido ba. Ta ɗaga haɓarsa, ta tsaya. Tsawon tsayuwar nan shi ne fitowar gaba ɗaya, kuma wadda ta yi shekaru tana auna numfashin ’yan kallo ce ta san iya tsawonta.

Sai maganar fuska, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi. Jarumar finafinan soyayya jarinta kyawunta ne, dole ta tsare shi. Ko kuka za ta yi, sai mai tsari, hawaye biyu su gangaro ba tare da sun ɓata kwalli ba. Mai ba da dariya kuwa tun ranar da ta shiga sana’ar ta sallama wannan. Ta saba murguɗa baki, ta faɗi ƙasa, a yi mata kallon wawuya, ta tashi ta karɓi kuɗinta. Ba ta da wani kwarjini da take tsoron ya zube. Baƙin ciki na gaskiya kuma ba shi da kyan gani. Yana zuwa da majina da kumburin ido da muryar da ta dushe.

Ban ga inda wannan ya fito fili kamar a fim ɗin Precious na shekarar 2009 ba, wanda Lee Daniels ya ba da umarni. Mo’Nique, wadda Amurkawa suka sani da barkwanci a dandamali da kuma wasan talabijin na ban dariya The Parkers, ita ta fito a matsayin Mary, uwar da ke azabtar da ’yarta a wani gida a unguwar Harlem. Babu kwalliya, babu ko ƙoƙarin a so ta. Mace ce da ke zaune gaban talabijin daga safe zuwa dare, tana zagi tana jifa, tana rayuwa da kuɗin tallafin gwamnati. Kusan ƙarshen fim ɗin aka zaunar da ita a ofishin jami’ar jin daɗin jama’a, ga ’yar a gefe, aka ce ta faɗi yadda cin zarafin ya faro. Ta fara da muryar lallami, irin ta mai son a ci gaba da biyan ta. A hankali muryar ta fara tsagewa. Ta ba da labarin abin da ta gani mijinta yana yi wa jaririyarsu ba ta hana ba, kuma maimakon ta tuhumi kanta sai ta koma tausayin kanta, tana tuhumar yarinyar da ƙwace mata miji. Mai kallo yakan rasa inda zai sa kansa. Ba ka yafe mata ba, ba za ka taɓa yafewa ba, amma ka gane ta, kuma ganewar ta fi tsanar ciwo. Na tabbata shekarun da ta yi tana tsayawa gaban baƙi tana tona asirin kanta don su yi dariya su ne suka ba ta ƙarfin halin zama a kujerar nan. An ba ta lambar yabo ta Oscar a shekarar 2010.

Sai dai akwai wani rashin adalci a cikin irin wannan yabo, kuma ni ma ina cikin masu yin sa. Idan muka ce “ashe ta iya wasa” ranar da ta sa mu kuka, me muke nufi da duk shekarun da ta yi tana sa mu dariya? Kamar muna cewa wancan shirme ne, yanzu ne ta girma. Alhali aikin dariyar ya fi wuya, kuma shi ne ya haifi wannan. Abin da ya faru da Whoopi ma ya ɗan juya lissafin. The Color Purple ya shiga takarar Oscar a rukuni 11, har da nata, bai ci ko ɗaya ba. Sai a shekarar 1991 ta samu, a kan fim ɗin Ghost, inda ta fito ’yar damfara mai da’awar magana da matattu, wadda rana ɗaya ta ji muryar mamaci da gaske ta kusa haukacewa. A kan dariya aka ba ta, kuma ita ce Baƙar mace ta biyu da ta ci wannan lamba a fagen wasa, bayan Hattie McDaniel a 1940. Ba kuma kowace mai barkwanci ce ke dacewa ba. Na ga waɗanda suka ɗauka wasan tausayi shi ne a ɗaure fuska a yi magana ƙasa-ƙasa, suka kashe duk abin da ke raye a jikinsu, suka zama kamar gunki. Waɗanda suka yi nasara ba su bar dariyar a gida ba. Suna tafe da ita a ƙarƙashin fata, mai kallo yana hango ta tana neman fitowa ana danne ta.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya muna da namu misalin, ko da yake nata ya zo a juye. Sridevi, wadda ta rasu a Dubai a watan Fabrairun 2018, mun fi tuna ta da shigar Charlie Chaplin a Mr. India na 1987, da tagwayen nan na Chaalbaaz na 1989, ɗaya saliha ɗaya tantiriya. Amma kafin waɗannan ta yi Sadma a 1983 tare da Kamal Haasan. Budurwa ce da ta yi haɗarin mota, ƙwaƙwalwarta ta koma ta ƙaramar yarinya, wani malamin makaranta ya tsamo ta daga mugun hannu ya kai ta gidansa yana kula da ita. Yawancin fim ɗin dariya take ba ka, da shagwaɓa da rigima da wasa da ɗan kwikwiyo. Shi kuma yakan yi mata kwaikwayon biri don ya rarrashe ta. Da ta warke sai ta manta da duk zaman da suka yi, iyayenta suka ɗauke ta. Ya biyo su tashar jirgin ƙasa a guje, ya faɗi ya ji ciwo, jikinsa duk taɓo. Ya hango ta a taga, ya kira ba ta gane shi ba. Da ya rasa yadda zai yi sai ya fara kwaikwayon birin nan a gaban jama’a, yana tsalle yana jifa da jikinsa, ko za ta tuna. Ita kuwa ta dube shi da tausayi irin na mutumin kirki, ta ɗauka mahaukaci ne, ta miƙa masa abinci, jirgi ya tashi. Kowa yana yabon Kamal Haasan a wannan fitowa, kuma ya cancanta. Ni fuskar Sridevi ce ke hana ni barci, fuskar da babu mugunta ko kaɗan a cikinta, tana kallon mutum yana kuka da dukkan jikinsa tana ganin wasa. Na san fuskar, domin na taɓa sa ta.

Kafin in zo nan, bari in ce wani abu game da namu na gida. Masana’antar finafinan Hausa ta daɗe da raba ’yan wasanta gida biyu: ga ’yan camama, ga kuma jaruman soyayya da waƙa. Wanda ya faɗa gidan farko da wuya ya fita. Matan cikinsu kuwa an yanka musu gonar da ba ta wuce taku biyar ba: masifaffiyar uwar miji, kishiya mai bin bokaye, dillaliya mai haɗa husuma, ’yar aiki daga ƙauye. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta rasu a watan Afrilun 2024, a ƙarshen azumi. Ranar da labarin ya bazu na zauna ina tuno finafinanta da na kalla, kusan duka faɗa ne da harara da murguɗa baki, kuma ta iya su fiye da kowa. Amma duk wanda ya lura da idonta a ɗan tsakanin da take jiran abokin wasa ya gama magana ya san akwai rijiya a wurin da guga bai taɓa kai wa ƙasanta ba. Na yi ta tunanin fim ɗin da za a bi dillaliyar nan bayan ta gama haɗa faɗan, ta koma ɗakinta na haya da dare, ta cire ɗankwali, ta zazzage kuɗin da ta samu a kan katifa ta ƙirga, ba mai jiranta. Minti biyar kawai, ba kiɗa, ba magana. Daso za ta iya. Akwai masu iyawa da ransu a yanzu.

Na san amsar masu shirya fim, kuma ba ta rasa gaskiya ba. Za su ce da zarar fuskar ta bayyana ’yan kallo sun fara dariya, kafin ta buɗe baki, to yaya za a sayar musu da kuka? Amma ai wannan dariyar ita ce jarin. Mai kallo yakan shiga fim ɗin tausayi da garkuwa a hannu, ya san za a nemi hawayensa. Gaban mai barkwanci kuwa yakan ajiye garkuwar, ya saki jiki, shi ya sa sarar ke shiga. Marigayi Kasimu Yero ya nuna ana iyawa tun zamanin wasannin talabijin, ya ba da dariya a Karambana, ya kuma yi wasa mai nauyi a wasu wuraren ba wanda ya ce bai dace ba. A Kudu, Funke Akindele da aka sani da Jenifa tun 2008 ba ta jira an ba ta ba. Ta shirya nata, ta fito uwar ’ya’ya biyar maza mai fama da ciwon ƙoda a A Tribe Called Judah na 2023, fim ɗin Nijeriya na farko da ya haura Naira biliyan 1 a gidajen sinima.

Abin da ya fi damuna shi ne kukan finafinanmu ba irin namu ba ne. Aro muka yi. A fim, da an ce wani ya rasu sai a saki kiɗa mai taushi, jaruma ta dafe kai ta sulale ƙasa da janbakinta cas. A gidajenmu kuwa ba haka baƙin ciki ke fita ba. Mu mutanen kunya ne da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane, in ya rasu ma ita ce za ka ji tana ce wa masu gaisuwa, “Haƙuri sai ma’aiki, ku sha ruwa mana.” An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma an kuma ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma matanmu karin magana na biyun suka fi riƙewa. Wadda aka hana ta kuka a fili, ina za ta kai abin? Wasu su kai shi sallar dare, wasu su kai shi hawan jini. Wasu kuma su mayar da shi barkwanci, don ita ce hanya ɗaya da mace za ta faɗi abin da ke cinta a tsakar gida a gaban surukai ba a ce ta yi rashin ta-ido ba. Duk daraktan da ke son ya nuna baƙin cikin Bahaushiya yadda yake, wajen waɗannan ya kamata ya nufa.

Shekara goma sha ɗaya bayan kallon kaset ɗin nan, Goggo ta fara dafe gefen cikinta. In aka tambaya sai ta ce, “Na biyar ne ke tafe, wannan da gemunsa zai fito.” A yi dariya a wuce. Ranar sunan ɗan wata ƙanwata tana tsakiyar fili tana kwaikwayon ungozoma, sai ta tsaya cak, ta durƙusa, ta riƙe ciki tana nishi, gumi yana keto mata. Mata suka ɗauki guɗa. Aka ce yau kuma Goggo mai naƙuda ta zama. Wata ta taso ta liƙa mata Naira hamsin a goshi. Ina tsaye a bakin ƙofar tsakar gida da kwanon abincin baƙi a hannu, ina dariya har ina zubar da miya. Da abin ya lafa mata ta ɗago, ta dubi taron, ta ga abin da suke jira, ta cire kuɗin daga goshi ta ce ko kuɗin sabulun wankan jego bai kai ba. Aka sake fashewa.

Wata huɗu bayan haka muka kai ta asibiti, da ta kasa tashi. Likitan ya duba hoton, ya dube mu, ya tambaya tun yaushe take kukan ciwon. Babu wanda ya iya amsawa a cikinmu, domin ba ta taɓa yin kukansa ba, ko kuma ta yi ta yi mun kasa ji. Ya ce an makara. A makon da ta yi a kwance ta haddace tafiyar kowace ma’aikaciyar jinya, har masu jinyar wasu gadaje suna jawo kujera. Aka sallamo mu muka dawo gida.

Wata rana bayan la’asar na shiga ɗakinta na kusa da madafa, na zauna a bakin gado. Ta rame har zoben hannunta ta mayar da shi babban yatsa. Muka yi shiru. Can ta ce, “Ka tuna ƙawata mai rufe baki?” Na ce na tuna. Sai ta fara lissafa sunaye, ɗaya bayan ɗaya, huɗu, maza biyu mata biyu, kowanne da ranar da aka haife shi da kwanakin da ya yi a duniya. Na farin ma ta kira sunansa ƙarara. Wannan wata bakwai da kwana uku. Wannan kwana arba’in ba ɗaya. Wannan har ta fara zama. Ina da shekara talatin da ɗoriya, a gida ɗaya muka rayu, tuwonta na ci na girma, kuma sai ranar na san ’ya’yan Goggo suna da sunaye.

Ban san yadda fuskata ta koma ba. Ta juyo ta dube ni ta gefen ido, irin juyin nan na ƙawarta, ta ce, “Kai kuma fa? Ka wani ɓata rai kamar an ce kai za ka sayi likkafanin.”

Ta yi shiru tana jira. Na gane jiran, rabin daƙiƙar nan ce. Na yi mata dariyar. Ta gyaɗa kai, ta ja mayafi, ta juya ta fuskanci bango.